Yadda za ka warware labarin jarida ko talabijin filla-filla in ya shafi addini da siyasa

Duk sanda wani abu ya tashi a Jos ko Kudancin Kaduna, ko aka shiga kakar zaɓe, sukar 'yan jarida da za ka ji a bakin mutanenmu ba ta wuce kala biyu. Ko a ce "ai jaridun Legas ne, dama can ba sa ƙaunar Arewa", ko a ce "an saye su". Shikenan an rufe magana. Ba wai kullum wannan sukar ƙarya ba ce fa, wani lokacin ma gaskiya ce tsagwaronta, matsalarta ita ce ba ta nuna komai, editan da ka zaga ba zai gyara ko wasali ɗaya ba saboda ita, kuma kai da ka yi ta, gobe in jaridar da kake so ta kawo maka ƙaryar da ta yi maka daɗi haɗiyewa za ka yi ba ko tauna. Abin da zan jero a nan hanya ce ta kama labari ɗaya tak ka warware shi har ka iya nunawa da yatsa ka ce ga inda aka yi ha'inci, ko ga inda aka yi sakaci, ko kuma ka gano ba laifin kowa, zuciyarka ce kawai ba ta so ba.

Mataki na farko: samo labarin kansa

Yawancin abin da muke faɗa a kai ba labarin ba ne, sikirinshot ɗin kanunsa ne da wani ya turo a guruf ɗin WhatsApp, ko guntun bidiyo na sakan talatin da aka yanko daga hirar minti arba'in. Kar ka ce uffan sai ka je shafin gidan jaridar da kansa ko tasharsu ta YouTube ka ga abin gaba ɗayansa. Ka duba kwanan wata, don tsohon labari ana dawo da shi kamar yau ya faru, musamman ranar da ake cikin zafi. Sannan ka tabbatar ma gidan ne ya fitar, don ɗora tambarin BBC Hausa ko Aminiya a kan rubutun ƙarya aikin minti biyar ne ga yaron da ya iya waya.

In ka same shi, tambayi kanka wane irin rubutu ne. Rahoto daban, sharhin mai shafi daban, ra'ayin jarida daban, talla daban. Mutum zai ɗauko ra'ayin wani marubuci da aka buga a shafin baya ya ce "jaridar kaza ta ce", alhali jaridar fili kawai ta ba shi. Haka a rediyo, shirye-shiryen siyasar nan na dare da sojojin baka ke cika su a Kano, da yawansu fili ne da aka saya da kuɗi, ba sashen labarai ne ya haɗa ba. Kana iya sukar gidan a kan me ya sa ya bar mutum ya yi ashar a filinsa, wannan hujja ce mai kyau, amma kar ka auna shi da ma'aunin rahoto.

Mataki na biyu: waye mai gidan

Wannan ba gulma ba ce, abu ne da ya kamata kowane mai karatu ya sani. The Nation da TVC kowa ya san alaƙarsu da Bola Tinubu. The Sun ta Orji Uzor Kalu ce, tsohon gwamnan Abiya kuma sanata. AIT marigayi Raymond Dokpesi ne ya kafa ta, jigo ne a PDP, kuma a kakar zaɓen 2015 tashar ta nuna wani shiri a kan Tinubu da ya sa ya maka ta kotu yana neman naira biliyan 150, ƙarshe a 2016 ta fito ta ba shi haƙuri. ThisDay da Arise na Nduka Obaigbena ne. Leadership marigayi Sam Nda-Isaiah ya kafa, wanda ya nemi tikitin shugaban ƙasa a APC a 2014. Blueprint kuwa ta Mohammed Idris ce, wanda Tinubu ya naɗa ministan yaɗa labarai a 2023. NTA da Rediyon Najeriya na Kaduna na gwamnatin tarayya ne, ARTV da Triumph na gwamnatin Kano, duk wanda ke kan kujera shi ne mai su a aikace.

Na waje ma haka. Muryar Amurka kuɗin gwamnatin Amurka ne, shi ya sa da Trump ya sa hannu a wata takarda a watan Maris na 2025 aka wayi gari shiru. DW ta Jamus, RFI ta Faransa, TRT Afrika ta Turkiyya, sannan Iran da China duk suna da sashen Hausa. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma sun ga ɗaya fuskar, sojoji sun dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, suka dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024, ga kuma Télé Sahel, tashar gwamnati, da ke faɗin abin da fada ke so.

Akwai kuma zirga-zirgar da ke tsakanin ɗakin labarai da gidan gwamnati. Femi Adesina da Garba Shehu duk sun shugabanci ƙungiyar editoci ta ƙasa kafin su zama kakakin Buhari. Reuben Abati ya yi kakakin Jonathan, ya tsaya takarar mataimakin gwamna a Ogun a PDP a 2019, yanzu yana gabatar da shirin safe a Arise.

To amma ga inda mutane ke zamewa: sanin mai gida ba hukunci ba ne. Yana gaya maka ne inda za ka sa ido. In TVC ta kawo labarin da ya wanke gwamnati, ka ƙara bincike. In ita ɗin ce ta kawo labarin da ya taɓa gwamnati, to wannan ya fi nauyi, tunda ta faɗi abin da bai yi wa maigidanta daɗi ba. Wanda ya tsaya a "ai ta wane ce" bai fara aikin ba ma.

Mataki na uku: wa ya faɗa, kuma ya aka yi ya sani

Ɗauki biro, ko ka buɗe wajen rubutu a wayarka, ka bi labarin jimla-jimla. Duk wata magana da aka kawo a matsayin abin da ya faru, rubuta wa ya faɗe ta. Za ka sha mamaki, rahoto mai sakin layi goma sha biyu sai ka tarar duk daga takardar sanarwa ɗaya ya fito, ta kakakin 'yan sanda ko ta wata ƙungiya, ɗan jaridar bai taka ƙafarsa garin ba, yana zaune a Abuja ko Legas aka turo masa ta WhatsApp. Kuma ganin labari a jaridu bakwai ba ya nufin shaidu bakwai, sau da yawa duk daga kamfanin dillancin labarai na NAN suka kwasa, ko daga taron manema labarai ɗaya da aka sallami kowa da ambulan ɗin kuɗin mota.

Ka raba masu magana gida uku a ranka: wanda ya gani da idonsa, wanda aka gaya wa, da wanda ke da abin karewa. Shugaban ƙungiyar ƙabila ko ta addini da ke zaune a babban birni yawanci na biyu ne kuma na uku a lokaci guda. CAN ta Kiristoci, JNI da MURIC na Musulmi, Miyetti Allah ta makiyaya, SOKAPU ta mutanen Kudancin Kaduna, duk suna da haƙƙin magana, amma aikinsu kare nasu ne, ba ƙirga gawa ba. Hukuma ma tana da abin karewa. Ka tuna Tudun Biri, daren 3 ga Disamba 2023, jirgi marar matuƙi ya saki bam kan masu Mauludi a ƙaramar hukumar Igabi. Da safe rundunar sojin sama ta fito ta ce ba ita ba ce, kuma gaskiya ta faɗa ta wani ɓangare, don daga baya aka ji ashe sojin ƙasa ne, har babban hafsansu Taoreed Lagbaja ya je garin ya ba da haƙuri. Wanda ya tsaya a sanarwar farko zai tafi da cewa sojoji ba su da hannu. Labarin ranar farko kullum ɗanye ne, ka riƙe shi da sassauci har kwana biyu ko uku.

"Wata majiya da ta nemi a sakaya sunanta" ba laifi ba ne a karan kansa, a ƙasar nan mutum na iya rasa aikinsa ko ransa a kan magana. Amma ka duba, an gaya maka wace irin majiya ce? Jami'in asibiti ne da ya karɓi gawarwaki, ko kawai "majiya mai tushe"? Kuma me aka sa ta faɗa, abin da ta gani ko zargin wani? Majiya marar suna da ke zargin mutum mai suna, ba tare da an nemi jin ta bakinsa ba, wannan wajen kamawa ne.

Mataki na huɗu: kanu da kalmomi

Ba wanda ya rubuta rahoto ne ke sa masa kanu ba, edita ne, kuma shi idonsa na kan abin da zai sa a danna. Don haka karanta kanun, karanta cikin, ka tambaya: abin da kanun ya yi alkawari yana ciki kuwa? Sau tari kanu zai ce "An kashe", ciki ya ce "ana zargin". Kanu zai ce "Malamai sun yi tir", ciki ka tarar mutum biyu ne.

Sai sunan da aka ba mutane. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona ran mutanenmu kuma suna da gaskiya. Ka lura yaushe ake ambaton ƙabila ko addinin wanda ake zargi, yaushe ake cewa "'yan bindiga" kawai ko "wasu ɓata-gari". In an ce "Fulani makiyaya" tun kafin a kama ko mutum ɗaya, tambayar ita ce wa ya tantance, da me? A Uromi ta jihar Edo, a watan Maris na 2025, mafarauta 16 ne da ke hanyar komawa Kano daga Fatakwal aka ƙona, kuma maganar farko da ta fita daga bakin waɗanda suka tare su ita ce masu garkuwa da mutane ne, saboda an ga bindigogin farauta. Duk wanda ya ɗauki wannan ya maimaita ba tare da ya jingina ta ga mai ita ba ya taya su ne.

Amma ka juya ta nan gida ma. In gungun mutane suka kashe wani a garinmu a kan zargin ɓatanci, kamar yadda aka yi wa Deborah Samuel a Sakkwato a Mayun 2022, ya kafafenmu na Hausa ke kiran waɗanda suka yi? "Fusatattun matasa". In a Kudu ne aka yi wa namu, me muke so a kira su? Makasa. To ka ga ashe cutar ba ta Legas kaɗai ba ce.

Ka kula da kalmar "arangama" da "rikici", suna ɓoye wanda ya yi da wanda aka yi wa. Abin da ya faru a Zariya a Disambar 2015 tsakanin sojoji da mabiya Sheikh Zakzaky, kwamitin shari'a da gwamnatin Kaduna da kanta ta kafa ya ce fararen hula 348 aka kashe, soja ɗaya ya mutu, an binne 347 a rami ɗaya a Mando. Ko me kake gani game da aƙidarsu, 348 da 1 ba arangama ba ce. Haka jimlar da ba ta da mai aikatawa: "rayuka sun salwanta", "an rasa mutum ashirin". Wa ya salwantar? In an sani aka ƙi faɗa, ka rubuta. A siyasa ma haka take, tun da rigimar masarautar Kano ta dawo a Mayun 2024, daga yadda gida ya kira Sanusi da Aminu Ado, wa aka ce wa "Sarkin Kano", wa aka ce wa "na 15" ko "na 16" ko "tuɓaɓɓe", za ka gane inda ya karkata tun kafin ka gama layin farko.

Mataki na biyar: alƙaluma

A Najeriya ba mu da hukuma ɗaya da kowa ya yarda da ƙirgenta, don haka adadin mamata shi kansa makami ne. A ƙarshen 2016 cocin Katolika na Kafanchan ya ce an kashe mutum 808 a Kudancin Kaduna, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa NEMA ta ce 204. A Fabrairun 2019, ana jajibirin zaɓe, El-Rufai ya sanar cewa an kashe 66 a Kajuru, daga baya ya ce 130, CAN ta ƙaryata. A Tudun Biri NEMA ta ce 85, Amnesty ta ce sun haura 120. Ba aikinka ba ne ka zaɓi wanda ya yi maka daɗi. Aikinka ka duba ko rahoton ya faɗi adadin na waye, na wane tsawon lokaci, na waɗanne garuruwa, kuma ko ya ambaci cewa akwai wani adadin daban. Rahoton da ya sa lamba a kanu ba tare da mai ita ba ya riga ya faɗi jarrabawa.

Wannan ya ƙara muhimmanci tun da Trump ya mayar da Najeriya jerin ƙasashen da ake zargi da tauye 'yancin addini a ƙarshen Oktoban 2025. Manyan lambobi sun yi ta yawo a tashoshin waje, sai ka bi diddigi: wace ƙungiya ce ta fitar, ta yaya ta san addinin kowace gawa, ta sa na Zamfara da Katsina da Borno a lissafi ko ta cire su? Su ma masu cewa "ba a kashe Kirista ko ɗaya don addininsa" ka yi musu irin tambayar, don an kai hari coci a Owo ranar 5 ga Yuni 2022 ana tsakiyar ibada, an kai Madalla ranar Kirsimetin 2011.

Mataki na shida: daga ina aka fara ba da labarin

Nan ne ha'incin da ya fi wuyar kamawa yake, don kowace jimla a rahoton na iya zama gaskiya amma duk da haka a yaudare ka. Dubi Filato a Agustan 2021. Ranar 14 ga wata aka tare matafiya Musulmi a hanyar Rukuba a Jos, suna dawowa daga zikirin shekara na Sheikh Ɗahiru Bauchi za su koma Ondo, aka kashe sama da 20. Kafin nan da 'yan kwanaki an kai hare-hare ƙauyukan Irigwe a Bassa an kashe mutane an ƙona gidaje. Bayan nan da kwana goma aka afka wa Yelwa Zangam cikin dare aka kashe sama da 30. Mai son nuna Musulmi ne ake zalunta zai fara daga Rukuba ya tsaya a nan. Mai son nuna Kirista ne zai fara daga Bassa ya yi tsalle zuwa Yelwa Zangam. Duk ba wanda ya yi ƙarya, kuma duk sun cuce ka.

Don haka ka tambayi kowane rahoto: me ya faru sati biyu kafin wannan? Kalmar "ramuwar gayya" wa ake ba, wa ake hanawa? Sannan wa ba a ji muryarsa ba kwata-kwata? A labarin manoma da makiyaya, ƙirga sau nawa aka yi magana da makiyayi na gaske, ba shugaban ƙungiya a Abuja ba. A labarin Kudancin Kaduna a kafafenmu na Hausa, ƙirga sau nawa aka je aka ji ta bakin matar da aka ƙona wa gida a Zangon Kataf. Hanya mafi sauƙi ita ce ka buɗe gida uku a kan abu ɗaya, misali Daily Trust da Punch da Premium Times, ka rubuta abin da ɗaya ta kawo sauran suka bari.

Mataki na bakwai: abin da ya keɓanta da talabijin

A talabijin ido ke rinjayar kunne. Kashe sauti ka kalli hotunan kaɗai, sannan ka rufe ido ka saurari maganar kaɗai, ka ga ko abu ɗaya suke faɗa. Ana karanta labarin hari sai a sa tsohon hoton makiyayi da sanda da shanunsa, ko na masu sallar Idi, ba a rubuta cewa tsohon hoto ne ba, bakin mai karatu bai zargi kowa ba amma allo ya riga ya yanke hukunci. Duba rubutun da ke ƙasan allo ma, shi mutane ke ɗauka a hoto su yaɗa.

In bidiyo ko hoto ya yi maka kama da wanda ka taɓa gani, ɗauki sikirinshot ka saka a Google Lens ko TinEye, ko ka leƙa shafukan tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check ka ga ko sun riga sun bincika. Wannan ba wasa ba ne. Binciken BBC ya nuna cewa a rikicin Gashish na Yunin 2018 a Filato, wani bidiyon da aka yi ta yaɗawa a Facebook ana cewa kisan da aka yi ne, ashe a Kongo Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012, kuma 'yan sandan jihar sun ce irin waɗannan hotuna sun taimaka wajen tunzura waɗanda suka tare hanya suna zaƙulo mutane daga mota.

A shirin tattaunawa kuma ka ƙirga baƙi: mutum nawa daga kowane ɓangare, wa aka kawo situdiyo wa aka bari a waya layi na yankewa, wa mai gabatarwa ke katsewa, wa yake bari ya zuba son ransa. Wanda aka rubuta wa "mai sharhi kan al'amuran yau da kullum" ka bincika sunansa, wani lokacin ɗan jam'iyya ne mai kati. Akwai kuma wata dabara, a kawo gogaggen lauya ta ɓangare ɗaya, ta ɗaya ɓangaren a kawo wanda ya fi kowa zafin kai da rashin iya Turanci, sai a ce an ji ta bakin kowa.

Ka sa a ranka suna aiki ne da takobi a wuya. NBC, hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, ta ci tarar Channels da AIT da Arise naira miliyan 3 kowacce a 2020 kan EndSARS, ta ci Trust TV miliyan 5 a 2022 kan shirinta na 'yan bindigar daji, ta ci Channels miliyan 5 a 2023 kan hirar Datti Baba-Ahmed, kafin wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ce NBC ba ta da hurumin cin tara. Wani shirun da kake gani tsoro ne, ba ƙiyayya ba, kuma suka ce daban.

Mataki na takwas: gwada kanka da labarin da ya yi maka daɗi

Ranar 4 ga Yuli 2024 Daily Trust ta fito da babban kanu cewa Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Samoa ta dala biliyan 150 mai ɗauke da batun 'yan luwaɗi da maɗigo. Arewa ta ɗauki zafi nan take, aka yi huɗubobi, aka yi ta tsine-tsine a Facebook da TikTok. Me ya sa muka yarda da sauri haka? Jaridarmu ce, mun saba da ita, kuma labarin ya zauna daram a kan abin da dama muke zargi game da Turawa da gwamnati.

Yanzu bi da shi ta matakan nan. Yarjejeniyar tsakanin Tarayyar Turai ce da ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik, kuma rubutunta na nan a intanet kowa na iya saukewa. Tambayar farko da ta kamata ita ce wane sashe, wace lamba? Babu sashen da ya ambaci auren jinsi. Akwai maganar daidaiton jinsi da lafiyar haihuwa da haƙƙoƙinta, wanda mutum na iya cewa yana tsoron yadda za a fassara shi nan gaba, wannan muhawara ce ta halak, amma daban take da cewa "an sa hannu a kan luwaɗi". Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta karanta ta ce babu, kuma dokar 2014 da ta haramta auren jinsi tana nan ba a taɓa ta ba. Gwamnati ta kai ƙara gaban hukumar sauraren koke kan kafafen yaɗa labarai, wadda su 'yan jaridar ne suka kafa a 2023, a watan Satumba hukumar ta ce rahoton ba daidai ba ne, jaridar ta buga ban haƙuri. A ganina wannan ban haƙurin abin yabo ne, gidaje da yawa sai dai su goge su yi gum. Ita ma gwamnati da ta bayyana wa jama'a takardar tun kafin ta sa hannu da ba a kai nan ba. Amma mutum nawa cikin waɗanda suka ji huɗubar suka ji ban haƙurin?

Ayar nan ta shida a Suratul Hujurat da ke umartar a yi bincike in labari ya zo, kowa ya haddace ta, sai dai muna karanta wa jaridun wasu ne. Gwajin shi ne ka canza sunaye: in da wannan rahoton, da irin wannan hujjar, a kan malaminka ne ko jam'iyyarka ko ƙabilarka, za ka karɓa? In amsar a'a ce, to a kan abokin hamayyarka ma bai isa ba. Kuma kowa ya san abin da sakacin alƙalami ya taɓa jawowa, jimla ɗaya a ThisDay a Nuwamban 2002 lokacin gasar sarauniyar kyau, Kaduna ta kama da wuta, sama da mutum 200 suka mutu, wataƙila mafi yawansu ba su taɓa ganin jaridar ba.

Mataki na tara: rubuta sukar

In ka gama duk wannan kuma ka ga akwai abin faɗa, ka rubuta a taƙaice. Sunan gidan, ranar, kanun ko sunan shirin da mintin da aka faɗi maganar. Kawo jimlar yadda take, kar ka sake mata kaya. Faɗi abin da ke damunta guda ɗaya ko biyu, kar ka tara goma, mai ƙarfin sai ta ɓace a cikin raunana. Kawo hujjarka da inda za a same ta. Sannan ka faɗi me kake so a yi: gyara kanu, ƙara ta bakin wanda aka bari, ko cire hoto. In akwai abin da suka yi daidai ka faɗa, ba don ladabi kaɗai ba, yana sa a san ka karanta.

Ka tsaya a kan abin da ke rubuce, kar ka shiga niyya. "Kun sa adadi ba ku faɗi mai shi ba" ana iya tabbatarwa. "An biya ku" in ba ka da shaida ƙazafi ne, kuma an sha kama mutane da sashe na 24 na dokar laifukan intanet a kan rubutun Facebook. Kar ka sa hoton ɗan jarida ko unguwarsu ko addininsa a gaba, a irin wannan batun kana iya jawo masa abin da ba ka nufa ba, kuma wataƙila ma ba shi ya sa kanun ba.

Fara turawa editan ta imel ɗin da ke shafinsu, ka ba su 'yan kwanaki. In sun yi biris, na jarida ka kai wa waccan hukumar sauraren koke ko Majalisar 'Yan Jarida ta ƙasa, na rediyo da talabijin NBC ce. Ka adana sikirinshot mai kwanan wata tun ranar farko, don wasu gidajen sai su canza rubutun a ɓoye ba su ce sun gyara ba, ka zo kana magana a ce ƙarya kake. Bayan sati biyu ka koma ka duba: an gyara, an faɗa cewa an gyara, kuma a ina aka sa gyaran, shafin farko inda aka yi kuskuren ko can ƙasan shafi na talatin kusa da tallan canjin suna.